Sunan da Na Sa wa Baba Zibrim

Ni ce Hanatu mai koko ta bakin masallacin unguwarmu a Salaga, kuma kowa ya san bakina. Shekara talatin da wani abu ina dama koko ina soya ƙosai, rabin cinikina koko, rabi surutu. Mutum ya zo da kofinsa yana hamma, in jefa masa magana, ya tafi yana dariya, gobe ya dawo. Da ina alfahari da wannan bakin. Yanzu kuwa in na tuna abin da ya yi wa wani bawan Allah, sai in ji kamar in tona ƙasa in shige. Labarin mutumin nake so in bayar, don in ban bayar ba babu mai bayarwa.

Sunansa Zibrim. Mu dai Baba Ladan muke ce masa, don shi ke kiran salla a masallacinmu tun kafin a kawo ni unguwar da aure. Ba ɗan Salaga ba ne. Can arewa aka haife shi, wani ƙauye kusa da Tempane, wajen Bawku. Ubansa Musulmi ne mai koro shanu, ya rasu Zibrim yana goye. Uwarsa ba Musulma ba ce, burkutu take dafawa tana sayarwa, da shi ta ciyar da ɗanta har ya girma. Bai taɓa ɓoye wannan ba. In hira ta kai can sai ya ce, "Da wannan tukunya tsohuwa ta rufa min asiri, ni ba zan zage ta ba." Mu kuwa muna ji muna ajiyewa a ciki.

Yana saurayi ya biyo masu shanu a ƙafa, ta Gambaga, ta Yendi, har Salaga. A nan ciwon ƙafa ya kwantar da shi, abokan tafiya suka wuce, shi ya zauna. Da gemunsa ya shiga makarantar allo, bai ji kunya ba, har ya sauke. Hausarsa kuwa irin ta 'yan arewa ce, har ya bar duniya bai raba "ka" da "ki" ba. Ni da zanena da ɗankwalina "ka" yake ce min. Na yi ta tsokanarsa a kai har na gaji na ƙyale shi.

Sana'arsa yasar rijiya. Wanda ya san Salaga ya san gari ne na rijiyoyi, tun zamanin kakanninmu fataken goro, wasu an manta da su ciyawa ta rufe bakinsu. Rani na yi sai a ga Baba Ladan da igiyarsa da guga da guntun wando, ya zura ƙafa ya sauka, yana turo laka waje har ruwa ya tsatso. Shekarar tamanin da uku, shekarar yunwa da gobarar daji, shi ya bi tsofaffin rijiyoyin unguwa ɗaya bayan ɗaya ya tone su. Gidan da aka ba shi tuwo ya ci, gidan da babu ya yi musu addu'a ya wuce. Ruwan da na dama koko da shi a shekarar nan, shi ya fito mana da shi.

Muryarsa ba wani daɗi gare ta ba, gaskiya, amma tana kai wa har kasuwar doya. Ba shi da agogo, ba ya kuma so. Gamzaki yake dubawa, ya hau matakalar ƙasa da ke jikin bangon masallaci, ya toshe kunne ya kira. Da kiransa na farko nake hura wuta, da na biyu nake zuba mai a kasko. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa guda, Azara, tana aure a Bawku wurin wani mai sayar da albasa. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗan ɗaki bayan masallaci. Ana idar da salla zai zo ya miƙo kofinsa na silba da ya lotse a gefe, ya ce, "Hanatu, ka zuba, ban da sikari."

Shekarar tamanin da shida ce, ruwa ya ɗauke ke nan. Ina durƙushe ina hura wuta sai na ji kiran ya fito wani iri. Kalmomin suna manne da juna kamar bakinsa cike da tuwo mai zafi. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya sake farawa, ya ƙarasa da ƙyar. Na ɗaga kai na ga yana saukowa yana dafa bango, yana jan ƙafar dama. Da aka fito salla ya zo wurina yadda ya saba, maza kusan goma suna tsaye da kofunansu. Na zuba masa, ya miƙo hannu, kofin ya suɓuce ya faɗi, koko ya fantsama a ƙafafun mutane.

A nan ne fa shaiɗan ya hau harshena. Na ce, "A'a, Baba Ladan! Jiya an kai wa dangin uwa ziyara ke nan? Ƙwarya nawa aka ɗaga?"

Wurin ya kaure da dariya. Har da masu riƙe ciki. Shi kuwa ya dube ni, ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace gefe, abin da ya fito ya ƙara sa su dariya. Ya duƙa ya ɗauki kofinsa da hannun hagu ya tafi. Wallahi ni a lokacin ban ɗauka ya sha ba. Magana ce ta zo min, na ga za ta yi daɗi, na sake ta. Da hantsi kuma sai ga shi garau, da igiyarsa a kafaɗa, yana gaisawa da mutane, ya shiga rijiyar gidan maƙwabtanmu ya yini yana aiki.

Da sau ɗaya abin ya faru da an manta. Amma cikin wata biyu ya maimaita sau uku, kuma kullum da asuba. Kafin ka ce me, sunan ya kama: Ladan Mai Ƙwarya. A rumfata aka raɗa shi, ni ce ungozomarsa. In na ga ciniki ya yi sanyi sai in kwaikwayi kiran, in karkatar da baki, in ja ƙafa, mutane su taru. Wani ya ce ya gan shi a bayan gari wajen masu dafa burkutu. Gaskiya ne ya je, rijiyarsu ya yasa musu, amma wa ya tambaya? Wani ya rantse ya ji wari a sahu. Mutanen da shekara ashirin suna tashi da muryarsa, duk suka tuna wace ce uwarsa.

Limaminmu, Malam Sualihu, mutum ne mai sanyin hali, bai so ya yarda ba. Ya ce ƙila ciwo ne, ƙila iska ce. Ya tara dattawan unguwa a zaurensa da hantsi, har da mijina Mahama, mai fataucin doya, aka kira Baba Ladan. Liman ya ce ya yi karatu, ya karanta sura doguwa babu tuntuɓe ko ɗaya. Aka ce ya miƙe ya taka, ya taka daidai. Sa'an nan ya ce musu, "Wallahi tun da na yi wayo ban taɓa sa abin nan a bakina ba. Da asuba ne harshena yake yin nauyi, hannuna ya mutu. In rana ta ɗaga sai ya sake ni. Ni ma ban san mene ne ba."

Mahama ya dawo cin abincin rana yana ba ni labari, ya ce dattawa sun fara tausaya masa, liman yana cewa a nema masa magani. Ni kuwa ina tsame gasara, ko juyowa ban yi ba, na ce, "Kai maigida, ku maza da sauƙin yaudara kuke. Wane irin ciwo ne mai agogo? Ya zo da asuba, ya tafi da hantsi, ya bar mutum ya shiga rijiya ya yini? Zazzaɓi ma kwana yake yi a jiki. Abu ɗaya na sani da yake kama mutum da sassafe ya sake shi in rana ta ɗaga, kai ma ka san shi."

Mahama ya ce, "Kai, kin yi magana." Da la'asar ya koma zauren liman ya faɗe ta kamar daga kansa ta fito. Dattawa suka gyaɗa kai. Karatun da Baba Ladan ya yi babu kuskure, wanda ya kamata ya wanke shi, shi ya zama shaida a kansa: ai ga shi, giyar ta sake shi. Washegari aka ce ya huta da kiran salla. Aka ba Iddi tela ladanci, aka haɗa kuɗi aka sayo lasifika aka ɗaura a kan bango.

Bai daina zuwa masallaci ba. Sahun ƙarshe yake tsayawa, bakin ƙofa, a idar ya fita. Amma kiran salla ba shi ke ciyar da shi ba, rijiya ce, kuma nan ne abin ya fi cin sa. Matan unguwa suka ce su ba za su sha ruwan da mashayi ya shiga ba, ba za su yi alwala da shi ba. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma kuwa. Rani ya zo, rijiyoyi suka cika da laka, aka gwammace a ɗauko wani daga Kpembe ya yasa, shi yana zaune a ƙofar ɗakinsa da igiyarsa a rataye.

Sau ɗaya ya tare ni. Ya bari sai da masu saye suka watse, ina kankare kasko, ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Hanatu, ka san ni shekara ashirin. Kullum ni da kai muke fara ganin juna a unguwar nan. Ka taɓa jin warin abin nan a bakina?"

Ban taɓa ji ba. Ko sau ɗaya. Kuma in akwai wanda zai ji, ni ce, don tsakanina da shi in yana miƙo kofi bai fi taku ɗaya ba. Da na ce "a'a" kawai, da na faɗa wa liman haka, da ƙila abin ya juya. Amma na riga na yi nisa, unguwa duka ta san ni ce mai labarin, in janye a ce Hanatu maƙaryaciya ce? Na ci gaba da kankare kaskona, na ce, "Ni ina ruwana, Baba? Koko nake sayarwa, ba sansanar bakin mutane ba."

Ya ce, "To, Allah ya sani." Ya juya.

Bayan ƙaramar salla ta tamanin da bakwai ya bar garin. Da safe ya wuce ta gaban rumfata da tabarma a naɗe, da buta, da igiyar nan, zai hau lorin Yendi, daga can ya nemi ta Bawku. Ya ce, "Hanatu, sai Allah ya haɗa mu." Na sunkuyar da kai kamar ƙosai zai ƙone, ban amsa ba.

Shekara huɗu na yi ban tuna da shi ba, sai in an ambaci sunan a yi dariya. A tamanin da tara na aurar da 'yata, a casa'in aka yi min jika. Sai casa'in da ɗaya muka je Yendi suna, gidan ƙanwar Mahama. Mahama kuwa, ku sani, mutum ne da ko lemon kwalba ba ya sha sai ya tambayi abin da ke ciki. Ranar sunan ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a bakin ɗaki zai cire takalmi, ni ina tsakar gida ina taya mata wanke shinkafa. Na ji takalmin ya faɗi. Na ji ya kira ni.

Kafin in san abin da ya faru, kunnena ya riga ya gane muryar. Ita ce. Kalmomi manne da juna, harshe mai nauyi, kamar tuwo mai zafi a baki. Na juya na ga bakin mijina ya karkace, hannunsa na dama yana reto, yana kallonsa kamar ba nasa ba. Na saki ƙwaryar shinkafa na kurma ihu.

Aka sa shi a mota aka kai asibitin Yendi. Bayan an kwantar da shi an yi masa abin da za a yi, wata nas dattijuwa, 'yar Dagomba mai jin Hausa, ta ja ni baranda tana yi min tambayoyi. Ta ce, "Mma, ƙarfe nawa abin ya same shi?" Na ce bayan asuba. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Haka dai. Yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da ake kawo mana, tsakanin tashi daga barci da hantsi abin ke kama su."

Na ce, "Ciwo yana da lokaci ne?"

Ta ce, "Wannan yana da wanda ya fi so. In mutum ya tashi daga barci jininsa yana hawa, yana kuma da saurin daskarewa a wannan lokacin. In dama hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke, sai ɗan gudan jini ya toshe ta. Baki ya karkace, hannu ya mutu. Yana iya zuwa kowane lokaci, amma safiya ta fi yawa." Sa'an nan ta ce, "Ya taɓa yi masa a baya ya sake shi?"

Na ce, "Yana sakin mutum?"

Ta ce, "Sosai ma. Wani ya toshe na ɗan lokaci ya buɗe, kafin rana ta ɗaga mutum ya warware kamar ba a yi ba, har ya tafi gona. Wannan gargaɗi ne, babban yana tafe. Da mutane za su zo mana tun a lokacin, a auna jininsu a ba su magani, da an tare wa da yawa. Amma sai a ce iska ce, ko a ce mutum ya sha wani abu."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka, dangin Mahama suka kewaye ni suna cewa in yi haƙuri, zai tashi. Sun ɗauka don mijina nake yi. Rabi ne nasa. Sauran rabin, ina jin muryata ce a kunnena tana cewa wane irin ciwo ne mai agogo.

Mahama ya tashi, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙafar ta ɗan rage ja, maganar ta dawo a hankali. Da muka koma Salaga ya samu ƙarfi, na zauna na faɗa masa abin da nas ta ce, kalma bayan kalma. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "Ni na kai maganar zaure." Na ce, "Ni na ba ka ita." Ban taɓa ganin hawayen Mahama ba sai ran nan. Na ce masa Bawku za ni, bai ce don me ba.

Farkon casa'in da biyu na tafi. Kwana biyu a lori, ta Yendi, ta Gambaga, ƙugu kamar zai ɓalle, da ƙullin gasara a cinyata, don na rasa abin da zan riƙa masa sai shi. A kasuwar albasa na yi ta tambaya har aka nuna min gidan Azara. Na yi sallama ta fito, mace doguwa mai idon ubanta. Na faɗi sunana da garinmu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke ce mai kokon." Ba tambaya ta yi ba.

Ta ba ni ruwa, ta shimfiɗa min tabarma, don tarbiyyar uban tana jikinta, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta ce shekara guda da zuwansa babban ciwon ya same shi. Da asuba, yana alwala, ta fito ta tarar da shi kwance a gefen buta. Tun ran nan ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke.

Na ce, "Kafin nan ba a kai shi asibiti ba?"

Ta ce, "Ta yaya? Ɓoye min yake yi. In ya ji abin ya taso sai ya kulle ɗaki har hantsi. Ran da na gane, na ce mu je a duba shi, ga asibiti nan kusa. Ya ce ba za shi ba. Ya ce mutanen da suka san shi shekara ashirin ba su yarda da shi ba, likitan da bai taɓa ganinsa ba ne zai yarda? Ya ce ba zai je a sake ce masa mashayi a garin surukinsa ba." Ta tsaya, ta ce, "Har yau ban san me ya yi miki ba."

Na ce, "Bai yi min komai ba. Ruwa ya tono min na sha."

Ta kai ni ɗakinsa. Yana kishingiɗe a tabarma, an tokare shi da matashi, ya rame har ban gane shi ba sai da idon. Igiyar rijiyar tana rataye a ƙusa. Kofin silbar nan mai lotsawa yana gefensa. Ya dube ni, na ga ya gane ni. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa na rarrafa, ni Hanatu da ban taɓa rasa abin faɗa ba, sai da na nemi magana na rasa. Da ƙyar na ce, "Baba, ni ce. Ka tambaye ni ko na taɓa jin wari, na ƙi ba ka amsa. Ban taɓa ji ba, Baba. Ko sau ɗaya. Ƙarya na yi maka don a yi dariya. Ciwo ne, na gani a jikin mijina. Ka yafe min don Allah."

Ya buɗe baki. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Wani sauti ya fito, ba kalma ba ce, ya sake gwadawa, shi ɗin ne dai. Sai ya rufe ido ya juyar da kai bango. Na dubi Azara ko za ta fassara min, ta ce, "Ni ma ban san abin da yake cewa ba."

Na kwana a gidan. Da asuba na tashi kamar yadda jikina ya saba, na roƙi Azara murhu, na hura wuta zan dama masa koko. Ina durƙushe ina hurawa sai na ji kiran salla daga ɗakinsa. Ba ƙarfi, ba zai wuce katangar gidan ba, amma kowace kalma a tsaye, babu wadda ta manne da wata, daga farko har ƙarshe. Azara tana alwala, ta ce, "Kullum ne. Sunana ba ya iya faɗa, ruwa ba ya iya roƙa. Wannan kaɗai aka bar masa. Kuma bai taɓa saɓa lokaci ba."

Na dama kokon, ban sa sikari ba, na zuba a kofinsa na kai masa. Ya daɗe yana kallon kofin. Ya miƙo hannun hagu ya karɓa, ya shanye. Na so in ce wannan ita ce yafiyar, na yi ta faɗa wa zuciyata haka a lori har Salaga. Amma gaskiya ban sani ba. Ƙila ya yafe, ƙila yunwa yake ji.

Da na dawo ban ko sauke kaya ba na tafi wurin Malam Sualihu. Ya tsufa, ido ya fara tafiya. Na durƙusa a ƙofar zaure na faɗa masa komai, har tambayar da Baba ya yi min da amsar da na ba shi. Ya yi ta salati. Washegari bayan asuba ya tsayar da jama'a ya ce an zalunci Zibrim, ciwo ne ba sha ba, kowa ya nemi gafara. Mahama ya miƙe da sandarsa ya ba da shaida. Amma dattawan da suka zauna a zauren nan, uku sun rasu, biyu sun koma Kumasi. Sauran masallatan suka ce Allah sarki, suka sa takalmansu.

Ni kuma na mayar da rumfata wurin wanke shi. Duk wanda ya miƙo kofi sai ya ji: ciwo ne, da safe yake kamawa, in kun ga bakin mutum ya karkace ko da ya warware ku kai shi asibiti. Ashe ƙarya in tana da ban dariya gudu take yi, gaskiyata kuwa ko bakin titi ba ta kai ba. Wasu suka ce Hanatu ta tsufa, tausayi ya kama ta. Wasu suka ce, "Mma, a zuba mana mu tafi, mun ji jiya." Wata ma cewa ta yi in ɗan kwaikwayi kiran nan mana, an daɗe ba a yi dariya ba. Saura kaɗan in watsa mata koko.

Cikin damina ta casa'in da uku, wata safiya, Zuberu direba ya tsaya a rumfata. Ɗan unguwarmu ne, magidanci mai kirki, yana jigilar albasa daga Bawku, kuma da kiran Baba ya yi ta tashi tun yana ƙarami. Ya gaishe ni da ladabi, ya cire hula, fuskarsa da alhini na gaske. Ya ce, "Mma Hanatu, sai haƙuri. An ba ni saƙo in faɗa a unguwa. Ladan Mai Ƙwarya ya rasu shekaranjiya, da ni aka yi jana'iza."

Ludayin yana hannuna, na kasa zubawa, na kasa ajiyewa. Na yi salati. Na ce, "Zuberu, don girman Allah kada ka kai saƙon nan masallaci da wannan sunan. Ka ce Zibrim ya rasu."

Ya dube ni, kofinsa a miƙe, babu wasa ko kaɗan a idonsa. Ya ce, "Mma, wane ne Zibrim?"